Ranar da na cinye kazar surukai a Makama

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida surukaina a unguwar Makama da ke Yola ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba. Har yau in aka yi suna ko biki aka kawo tiren abinci, sai an samu wata ta ɗaga murya ta ce a rufe da kyau, mijin Dija ya shigo.

A shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo daga rikici suka cika Yola da Jimeta abin ya faru. Kowane gida ka leƙa akwai baƙi, wani falo an mai da shi ɗakin kwana, wani zaure an rataya masa labule. Ni kuwa a lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, ina zaune da mahaifiyata a Shagari Low Cost, kuma damuwar da ta fi hana ni sukuni a duk faɗin Adamawa ita ce tumbina. Na san yadda maganar take a kunne, amma gaskiyar ke nan.

Dija nake nema. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenta tana hannun ƙanensa, wanda kowa ke kira Bappa. Dattijo ne dogo siriri, irin Fulanin cikin garin Yola da za ka zauna da su wuni guda ba ka ga sun tauna ko goro ba. Magabatana sun je sun gabatar da magana, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce yaron ya zo da kansa ya gan shi. Sai wata rana muna hira a waya Dija ta saki wata magana tana dariya, wai Bappa ya hango ni daga nesa ya ce, mutumin da bai iya riƙe cikinsa ba, yaya za a yi ya riƙe gida? Ita ta faɗa ta wuce. Ni na ajiye waya na shafa cikina, na ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji.

Washegari a ofis na kai wa Ishaya kukana. Ishaya abokin aikina ne, ɗan wajen Numan, yana zaune a Luggere, teburinmu ɗaya, kuma shi ne mutumin da ya san komai a intanet amma ba ya aiki da ko ɗaya. Ya jawo kwamfutar ofis ya buɗe mini wani shafi.

"Oga, ga maganin wahalarka," in ji shi. "Ka sa tsayinka, ka sa nauyinka, ka auna wuya da ƙugu, shi zai gaya maka kitse nawa ne a jikinka. Wancan kuma zai gaya maka kalori nawa za ka ci a rana. Babu layi, babu kati."

Da yamma na ari tef a wurin telan layinmu, na ce masa labule zan auna. Na kulle ƙofa na auna wuya, na auna ƙugu. (Sau da yawa na auna ƙugun, don duk lokacin da na ga lambar sai in shanye ciki in sake, daga baya na tuna ba tef ɗin zan aura ba.) Nauyi kuma a sikelin wani kemis na hau, da takalmi da jamfa da makullai a aljihu. Na zuba duka a shafin na danna. Ya fito da wani layi mai launi-launi, kore a farko, ja a ƙarshe, ga wata 'yar kibiya ta je ta tsaya cikin jan tana nuna ni. Wai kusan kashi ɗaya cikin uku na jikina kitse ne. Na dubi hannuna na dubi ƙafata, ina ta tunanin wane ɓangare ne nawa, wane ne na man gyaɗa.

Don Allah kada in ɗauki alhakin shafin nan. Bai ce in kashe kaina ba. Ya ba ni lissafin abin da jikina ke buƙata a rana, ya ce in ina son raguwa in rage kaɗan, a hankali, cikin watanni. A can ƙasa ma akwai ƙananan rubutu da ke cewa wannan ƙiyasi ne kawai, a nemi shawarar likita. Amma wa yake karanta ƙananan rubutu? Ni 'yan makonni gare ni kafin ranar ganin Bappa. Sai na yi irin lissafin da na iya tun firamare: in rage kaɗan yana ɗaukar watanni, to raba biyu zai ɗauki makonni. Na raba lambar biyu. Da na ga har yanzu tana da ɗan kauri, na ƙara gutsure mata wani abu.

Matsala ta gaba, shafin bai san abincinmu ba. Ya san burodi yanka ɗaya, ya san tuffa, ya san wasu abubuwa da ban taɓa gani ba ko a hoto. Na nemi tuwo babu, na nemi kunun gyaɗa babu, masa babu, ɗanwake babu. Sai na yanke hukunci cewa duk abin da shafin bai sani ba haɗari ne, na yi masa sallama. Abin da ya rage mini shi ne kokwamba, dafaffen ƙwai, lemo, da baƙin shayi ba sukari. Mahaifiyata ta zuba mini ido kwana biyu, rana ta uku ta aje kwanon tuwo a gabana ta ce, "Ko dai sammu aka yi maka, ko yarinyar nan ta ce ba ta yi. Wanne ne?" Na ce Inna kalori ne. Ta ce to Allah ya raba mu da shi, ta ɗauke kwanonta.

Kada ka ce ban ga sakamako ba. Na gani. Wando ya fara sauka, wuya ya fito, idanu suka shige. In na miƙe daga kujera sai ofis ya yi duhu ya dawo. Na zama mai faɗa, har masinja ya daina gaishe ni. A masallaci in liman ya ja sura mai tsawo sai in jingina da kafaɗar na kusa da ni. Ishaya ya ce, "Oga, abin nan ya wuce yadda na nuna maka fa, matata ta ce za ka faɗi a titi." Na ce masa mutumin da ke cin doya da ƙwai a gabana ba shi da bakin magana.

Ana gobe tafiya Dija ta kira ta karanta mini dokoki, kamar ban tashi a garin nan ba. Kada in kalli Bappa cikin ido. Kada in zauna a kan kujera ko an ce in zauna. Sannan babbar doka: za a kawo abinci, Bappa zai fita ya ba mu wuri, in buɗe in taɓa, loma ɗaya ko biyu, in rufe. Suruki ba ya cin abinci a gidan surukai, kwano yadda ya fito haka yake komawa, mata kuma a ciki suna jira su buɗe su ga irin kunyar mutum. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Dija, ni da na yi makonni ban ga tuwo ba, ni za a koya wa rashin ci?" Ran nan don in ƙara shafewa ko kokwambar ban ci ba, da safe kuma shayi kawai na kurɓa.

Bayan azahar muka hau Keke ni da Ishaya, don shi ne ɗan rakiyata, muka miƙa cikin Yola. Ranar garin nan ka san ta, ba ta wasa. Ina cikin babbar riga mai sitati, iska na kaɗa ni kamar tuta. Muna shiga layin su Dija na ga gidan ya canza. Tabarmi a jingine ko'ina, shanya har waje, yara birjik waɗanda ban sani ba. Dija ta gaya mini danginsu na wajen Mubi sun sauka a gidan, na kuma yi jaje, amma a gaskiya a kunne kawai maganar ta tsaya mini.

Aka kai mu ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Bappa ya shigo, muka durƙusa. "Jabbama," in ji shi, wato barka da zuwa, ya zauna a kan buzu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi Ishaya mutanen Numan. Na lura ya ɗan dube ni ta gefen ido, daga wuya zuwa ciki, na ce a raina alhamdu lillahi, kokwamba ta yi rana. Can sai Mairo, yayar Dija, ta shigo da wani ƙaton tire tana nishi ta dire. Bappa ya miƙe ya ce, "Bismillah, ku sha ruwa," ya fita.

Na buɗe kwanon farko don cika al'ada.

Jama'a, kaza ce. Kazar gida, guda, an dafa an soya, ta sha albasa da man shanu. Na biyu tuwon shinkafa da miyar taushe. Na uku masa. Ga jug na kunun gyaɗa, ga kindirmo a ƙwarya an rufe da faifai. Ƙamshi ya cika ɗakin. Ishaya ya gutsuri masa ya ce, "Loma biyu, Oga. Ka tuna." Daidai nan matarsa ta kira shi, ya fita ƙofar gida don ɗakin ba sabis.

Na ce bari in ɗauki fiffike. Fiffike ai ba nama ba ne, kuma shafin ya san kaza, har yabonta yake yi. Da na cire fiffike ɗaya sai kazar ta karkace, na ga duk wanda ya buɗe zai gane an taɓa, gara in cire ɗayan ta daidaita. Daga nan cinya ta fito fili. Abin da zan iya tunawa bayan wannan kaɗan ne. Na tuna hannun babbar rigata a naɗe har kafaɗa. Na tuna na ɗaga jug da hannu biyu. Na tuna wani daɗi da ya sa hawaye suka zubo mini, wallahi ba ƙari, ina ci ina share ido.

Muryar Ishaya ce ta dawo da ni duniya. "Yesu! Oga, me ka yi?"

Na duba. Kaza ta zama ƙasusuwa, ƙasusuwan ma na tattaune kawunansu. Tuwo babu, miya an suɗe. Masa ɗaya ta rage, ita ce wadda Ishaya ya gutsura. Muka shiga dabara kamar ɓarayi. Ishaya ya ce a jera ƙasusuwan su yi tudu, a baza albasa a kai. Albasar ma na cinye. Na ce mu zuba ruwan buta a jug ya yi nauyi, ya ce kana so a ce ka ci kuma ka yi ha'inci? Muka rurrufe kwanuka, na goge baki da cikin hula, muka zauna muka nutsu kamar masu jiran huɗuba.

Mairo ta dawo. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaure fuska irin ta wanda zai ɗaga kaya mai nauyi, ta sunkuya ta yunƙura da ƙarfinta duka. Tiren ya tashi sama fiu, har ya kusa bugun haɓarta, murafai suka yi ƙara. Ta tsaya. Ta dubi tire, ta dube ni, ta dubi Ishaya. Ishaya, abokin ƙwarai, ya nuna ni da baki.

Ta shiga ciki. Gidan da ke ta hayaniya ya yi tsit. Na ji an buɗe murfi ɗaya, an buɗe na biyu. Sai ƙus-ƙus da Fillanci, wanda ɗan abin da na tsinta a ciki bai wuce "ya cinye" ba. Sannan wani yaro ya fashe da kuka, wani ya taya shi, wata mata tana rarrashi. A nan ne na gane abin da ya kamata in gane tun a ƙofa: a gidan da baƙi suka yi yawa haka, ba a yanka kaza don ado. An fito da ita ta gaishe ni ne ta koma, yara na jiran dawowarta. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba.

Bappa ya shigo ya zauna. Carbi kawai yake ja yana kallon bango. Na san na rasa Dija, na fara tsara yadda zan gaya wa Inna. Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ƙafafunta duk tabon ƙaya, ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Goggo ce, yayar Bappa, wadda ta taka da ƙafa daga ƙauyensu na bayan Mubi tare da jikokinta. Bappa ya gyara zama ya ce, "Adda, da kin bari." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ni take kallo, da wani irin tausayi da ya fi zagi ciwo.

"Sannu, ɓingel am, ɗana," ta ce, da Hausarta mai karyewa. "Na ga ƙashin. Kowa yana magana, ni na ce su yi shiru, ba su sani ba. Mutum ba ya tauna ƙashi haka don kwaɗayi. Ranar da muka iso gidan nan, haka muka ci, muna ci muna kuka. Dubi wuyansa, dubi idonsa. Gaya mini, daga ina ka gudo? Kwana nawa ka yi a daji?"

Ishaya ya taka mini ƙafa. Na san abin da yake nufi: ga ƙofa an buɗe, bi ta ciki. Kuma ba zan ɓoye maka ba, sunan wani gari ya zo har kan harshena. Amma ga tabon ƙafar matar nan a gabana. Na sunkuyar da kai.

"Goggo, ban gudo daga ko'ina ba. Daga Shagari Low Cost nake."

"Babu abinci a can?"

"Akwai."

"To wa ya hana ka?"

Na laluba aljihu na fito da waya, don na riga na mai da shafin cikinta. Na shiga bayani da muryar da ni kaina ba na ji sosai, wai akwai wani abu da ke lissafa kitsen mutum, ya faɗi abin da zai ci. Ta karɓi wayar ta juya gaba ta juya baya.

"Wannan ne ya hana ka abinci?"

"E, Goggo."

"Yana da bindiga?"

"A'a."

"Ya taɓa ganinka?"

"A'a. Ni na auna kaina na gaya masa."

"Kai ka gaya masa, shi kuma ya gaya maka, kai kuma ka ji tsoro." Ta miƙo mini wayar da yatsu biyu. "Saboda me?"

Tunda an zo nan, me ya rage? Na ce na ji Bappa ba ya son mai tumbi.

Dariyar daga bayan katanga ta fara, don ashe duk matan gidan suna laɓe. Wata ta ƙyalƙyale, saura suka biyo, har da masu tafi. Ishaya ya kife kai a gwiwa kafaɗunsa na rawa. Bappa ya ja rawaninsa ya rufe baki, amma na ga carbin ya tsaya. Goggo kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dogara sanda ta miƙe, ta juya wurin ƙanenta.

"Ka ji abin da bakinka ya jawo? Mu an kore mu daga abinci, shi ya kori kansa, duk don ya samu 'yarka. Ka ba shi yarinyar kafin wayar nan ta kashe shi. Gidansa yana buƙatar mutum ɗaya mai hankali."

Bappa ya yi gyaran murya ya ce, "Adda ta gama magana." Abin da ya ce ke nan, kuma da wannan aka ba ni mata.

A Keke muna dawowa ban iya murna ba, kukan yaran nan ke ta dawo mini. Na ce da Ishaya mu biya kasuwa in sayi kaji in mayar yanzu-yanzu. Ya ce in na yi haka na mai da gidan Bappa gidan sayar da abinci. Inna ce ta san yadda ake yi. Da na ba ta labari sai da ta yi salati ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan bayan kwana biyu ta sa mayafi ta tafi Makama da kaji da buhun masara, ta ce ta zo yi wa baƙi barka da arziki. Ba wanda ya ambaci tire, kowa kuma ya gane.

Yanzu shekaru sun ja, muna da yara, tumbin ya dawo da iyalansa. Nakan buɗe shafin jefi-jefi, amma yanzu ina karanta ƙananan rubutun, ba na raba komai biyu, kuma Dija ce mai duba lissafin. Da hanya ta buɗe Goggo ta koma ƙauyensu, ta tarar rabin gidan toka ne. Duk da haka kakar farko da suka yi noma sai ga ƙullin gyaɗa an kawo mana daga tasha, da saƙon baki wai a ba ɗan gudun hijirar Shagari Low Cost, kada a bar shi da yunwa. Na karɓa ina dariya, na shiga ɗaki na yi abin da ba dariya ba.

Abin da na koya ba shi da zurfi, amma da tsada na saye shi. Yunwa ba abin wasa ba ce, wanda ya gayyato ta da kansa ma ba ta yi masa ragi. In kuma za ka je gidan surukai ka nuna kai ba mai ci ba ne, don girman Allah ka ci ka ƙoshi a gidanku tukuna.